Teresa ta Abila ba ta yarda da suma a wurin addu'a ba sai ta ga aiki

Duk ranar 15 ga Oktoba, idan Ikilisiyar Katolika na tunawa da Waliyiya Teresa ta Abila, hoto ɗaya ake yaɗawa: mutum-mutumin marmara da Bernini ya sassaƙa a Roma, mace a sheme, baki a buɗe, mala'ika ya ɗaga mashi zai soke ta a zuciya. Ita da kanta ta ba da labarin wannan wahayi, ba ƙage aka yi mata ba. Amma a ganina hoton ya cuce ta, don ya rufe wa mutane ido daga abin da ta fi ƙwarewa a kai, wato tantance addu'ar gaske daga ruɗin jiki, da tsara gida yadda addu'ar za ta yiwu.

An haife ta a 1515 a ƙasar Sifaniya. Tana da shekara ashirin ta shiga gidan zuhudun mata 'yan Karmel da ke Abila. Bayan 'yan shekaru ciwo ya kayar da ita, ta yi kwana huɗu ba ta san inda kanta yake ba har aka haƙa mata kabari, sannan ta yi kusan shekara uku ba ta iya tafiya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ta yi wajen shekara goma sha takwas addu'a na yi mata wuya. Ta rubuta cewa sau da yawa hankalinta na kan agogo, tana jiran awar ta cika ta tashi, kuma ba ta iya zama sai da littafi a hannu. Akwai lokacin da ta daina gaba ɗaya fiye da shekara, wai ita ba ta cancanta ba. Daga baya ta ce wannan tawali'un ƙarya ne. Sai a 1554, tana da shekara talatin da tara, ta juyo da gaske. Wanda ya sha wannan wuya shi ya san inda ake tuntuɓe.

Shi ya sa koyarwarta ke kama da ta mai lambu. Ta ce rai lambu ne, kuma hanya huɗu ake ba shi ruwa. Ta farko, guga da igiya: kai ne kake jan hankalinka da ƙarfi, ka zaɓi abu guda cikin rayuwar Yesu ka tsaya a kai, hankali ya gudu ka dawo da shi. Wata rana za ka zura guga ka tarar rijiya ta ƙafe, shawararta a nan ita ce ka ci gaba da zuwa, kada ka ɗauki bushewar a matsayin kora. Ta biyu, keken ɗiban ruwa da ake juyawa, kamar yadda jigo ke rage wa mai fadama wahala: aiki ya ragu, ruwa ya ƙaru, zuciya ta natsu ko da tunani na ta yawo. Kuskuren da ake yi a wannan mataki shi ne bin tunanin ana son a kamo shi, a nan ne ake asarar natsuwar. Ta uku rafi ne da aka jawo cikin lambu. Ta huɗu ruwan sama. Na farkon ne kaɗai ke hannun mutum. Sauran kyauta ce, babu dabarar da ke saukar da su, kuma wanda ya yi ƙoƙarin rufe tunaninsa da ƙarfi don ya hau sama sai ya tashi a tutar babu.

To ta yaya ake sanin na gaske? A nan ne ba ta da wasa. Ta ba da labarin wata da ke yin awa takwas a sandare tana zaton fyaucewa ce ta ruhu. Aka sa ta ci abinci, ta yi barci, ta rage horon jiki, abin ya wuce. Yunwa ce da rashin barci. Wasu sistoci biyu (mata masu zuhudu) kuma suka ce za su mutu idan ba su karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci, kullum ba. Teresa ta ce ita ma tana da wannan marmarin, to su ukun su haƙura, in mutuwar ce su mutu tare. Ranar farko sun sha wuya, bayan 'yan kwanaki babu wadda ta mutu. Ma'auninta shi ne abin da mutum ya zama bayan ya tashi daga addu'a: ya fi haƙuri da 'yar'uwarsa, ya fi jure zargi, yana kula da mara lafiya? A littafinta na 1577, inda ta kwatanta rai da fada mai ɗakuna kashi bakwai, da ta kai ɗakin ƙarshe sai ta ce amfanin duk wannan shi ne a haifi ayyuka. Ita ce ta ce wa sistocin da aiki ya tsare a kicin Ubangiji na yawo a tsakanin tukwane.

Gyaran da ta yi ma da lissafi ta yi shi. Tsohon gidansu na da mata fiye da ɗari da hamsin, abinci ba ya isa, don haka ana sakin su su je gidajen dangi su ci. 'Ya'yan masu hali na da ɗakunansu da barorinsu, ana kiran su da laƙabin girma, ɗakin baƙi kuwa kullum cike. Da ta buɗe gidan Waliyi Yusufu a ranar 24 ga Agusta 1562 da mata huɗu, kowace doka maganin ɗaya daga cikin waɗannan ce. Ba a wuce mutum goma sha uku (daga baya aka kai ashirin da ɗaya). Babu laƙabi, babu fita. Awa biyu na addu'ar zuci kullum, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ba a cin nama sai mara lafiya, azumi daga 14 ga Satumba har Ista, takalmi na igiya, kowa ta yi kaɗi a ɗakinta. Sai kuma hira tare sau biyu a rana bayan cin abinci, don ta san abin da kaɗaici ke yi wa kai.

Ba ta da taurin kai a inda bai kamata ba. Da farko ta ƙi yarda gida ya dogara da kadara, sai sadaka da aikin hannu. Da ta je Malagon a 1568 ta ga garin ƙarami ne, sadakarsa ba za ta ciyar da kowa ba, sai ta karɓi kadarar. Inda ta kafe shi ne a kan masu ba da kuɗi su juya gida: da gimbiyar Eboli ta shiga gidan da Teresa ta kafa a Pastrana tana mulki, a 1574 aka kwashe sistocin cikin dare zuwa Segobiya, aka bar mata gininta. Gimbiyar ta kai ƙarar littafin tarihin rayuwar Teresa ga kotun binciken aƙida. Abokin aikinta Yohanna na Gicciye kuwa, 'yan'uwansa 'yan Karmel masu adawa da gyaran suka kulle shi a Toledo daga Disamba 1577 har ya tsere a Agusta 1578.

Gida goma sha bakwai ta kafa cikin shekara ashirin, a keken alfadarai. Duk inda ta sauka, tattaka take fara nema, don in akwai ta akwai wurin kwana. A tafiyarta ta ƙarshe, a 1582, tana jinya aka umarce ta ta bi ta Alba de Tormes don matar wani basarake na son ta kasance kusa lokacin da matar ɗanta za ta haihu. A hanya mai kula da ita ta nemi ƙwai biyu da kuɗi a hannu ba ta samu ba, sai busasshen ɓaure. Kafin su isa an riga an haihu. Ta rasu a can daren 4 ga Oktoba, kuma da yake a daren ne aka sauya kalanda aka tsallake kwana goma, gari ya waye 15 ga wata.