Ihun "ba, be, bi, bo, bu" ba karatu ba ne

Malamai 'yan uwa, musamman masu riƙe da aji 1 zuwa aji 3 na firamare, ga wata 'yar jarrabawa da ba ta cin minti 5. Bayan yara sun gama rera abin da ke kan allo, a kira guda ɗaya daga bencin baya, a nuna masa gaɓa ta huɗu ba tare da an faro daga ta farko ba. Idan ya yi shiru, ko ya koma "ba, be, bi" a ransa yana ƙirgawa har ya iso wurin, to hadda ya yi. Waƙar ya riƙe, idonsa bai san harafin ba. Ajin da ya fi kowane ƙara a makaranta yakan zama yara 10 ne suke ja, 70 suna amshi.

A ganina matsalar tana farawa ne tun ranar da aka koya wa yaro sunan harafi da Turanci kafin sautinsa da Hausa. An ce masa harafin c sunansa "si", gobe kuma an rubuta "ci" ana so ya karanta. Me zai ce in ba "si" ba? Haka "e" da "i" suke rikice masa, domin abin da Turanci ke kira "i" shi ne "e" ɗinmu. Alhali rubutun boko na Hausa yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne duk inda ya faɗo. A shekarar 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya haɗa "na" da "ma" ya ji "nama" ya fito daga bakinsa, nan take ya san ya yi daidai, don ya san nama.

Kada a bi jerin a, b, c. A fara da haruffan da za su ba da kalmomi da wuri. Da a, n, k, m kaɗai an sami nan, kaka, mama, nama, kama, kan, har da jimla: "Mama, kama nama." Cikin mako 2 yaro ya karanta magana mai ma'ana. Haruffa 2 a mako sun isa a zangon farko, kuma ƙananan haruffa ake gabatarwa kafin manya, tunda su ne suka cika littafi.

Darasin minti 35 ga yadda ya kamata a yanka shi. Minti 5 na farko kunne ne kawai, babu alli: a tafa gaɓoɓi, "ta-ba-rma" ba daidai ba ne, "ta-bar-ma" tafi 3, a tambayi wane sauti ne a farkon "masara". Minti 5 na sabon harafi, a faɗi sautinsa, a zana shi a iska, a zana a ƙasa da tsinke. Sai minti 10 na auren baƙi da wasali, wanda shi ne zuciyar darasin: malam ya yi su gani, a yi tare, sannan yara su yi su kaɗai, kuma wannan kashi na uku shi ne ake yawan tsallakewa. Minti 10 na karanta gajeren rubutu da aka gina da haruffan da aka riga aka koya kaɗai, kowane yaro yatsansa a ƙarƙashin kalma. Ragowar minti 5 shifta ce, kalma 3 ko 4. Shifta ba ta ƙarya. Wanda ya haddace allo a nan asirinsa ke tonuwa.

Wanda ya yi makarantar allo ma ya san wannan tsari, babbaƙu tukuna sannan farfaru. Sai dai a lura, yaron da ya saba da rubutun Larabci yakan faro layi daga dama, ya karanta "kan" a matsayin "nak". Ɗigo babba a gefen hagu na kowane layi yana magance wannan cikin 'yan kwanaki.

Wuraren da yara ke tuntuɓe sanannu ne. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ: yawancin malamai suna rubuta su a allo babu ƙugiyar, sannan su yi mamakin yaro bai bambanta kafa da ƙafa ba, ko bata da ɓata, ko baki da baƙi. A koyar da su bibbiyu haka, gefe da gefe. Amma b da d kada a haɗa su a mako ɗaya, a sa aƙalla mako 3 a tsakani, don juyin juna ne a idon yaro. Sai tagwayen baƙaƙe, sh, ts, kw, gy, ƙw da 'yan uwansu. Idan ba a koyar da su a matsayin sauti ɗaya ba, "kwando" zai zama "kawando", "gyaɗa" ta zama "giyaɗa". Haka gaɓa mai rufaffen baki: "hannu" yakan koma "hanu", "murhu" ya koma "muruhu". A raba da alli mai launi, han-nu, mur-hu.

Akwai kuma abin da rubutunmu ba ya nunawa, wato tsawon wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Irin waɗannan kalmomi kada a rubuta su su kaɗai a kati. A sa su cikin jimla, a tambayi yaro ta yaya ya gane wanne ake nufi. Daga nan fahimta take farawa.

Za a ce aji mai yara 80 babu littafi, ta ina? Kwalin taliya ɗaya yana ba da katunan gaɓa sama da 30. Murafen kwalba da aka rubuta wa haruffa suna isar benci guda su yi ta harhaɗa kalmomi. A raba ajin gida 4 bisa abin da yaro ya iya, masu harafi, masu gaɓa, masu kalma, masu labari, ko da shekarunsu sun bambanta. Wannan shi ne tushen tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai matakin da yake, wanda ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya. Kullum a saurari yara 8, minti ɗaya kowanne, a rubuta yawan kalmomin da ya karanta daidai a gaban sunansa a rajista. Cikin kwana 10 na makaranta an zagaye ajin. Wanda lambarsa ba ta motsa ba bayan zagaye 2, a dawo da shi bencin gaba, a duba ko yana ganin allo kuma yana ji sosai, sannan a mayar da shi kan harafin ƙarshe da ya iya.