Dillalan mota, jif ɗin da tayar gaba ba ta ja me sunanta?

Duk wanda ya sayar wa mutum jif a kan cewa tayoyinta huɗu suna ja, alhali ya san na baya kaɗai ke aiki, ɓarawo ne. Ko ya sha babbar riga, ko carbi ba ya barin hannunsa, ko filin motocinsa ya fi na kowa girma a gari, sunansa ke nan. Na faɗa da babbar murya domin abin ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Mutane suna ɗauka duk mai neman jif gayu yake nema. Wasunmu larura ce. Ina noman shinkafa a wajen Dadin Kowa, kuma idan damina ta sauka, hanyar da ta bar kwalta zuwa gonar ba ta ƙaramar mota ba ce. Ina da 'yar tirela da nake ɗaura wa mota a baya, ita ke kai taki da injin ban ruwa, ita ke fito da buhuna. Mahaifiyata tana fama da ciwon baya, kowane rami a hanya a jikinta yake sauka. Surukaina kuma suna Nguroje, can saman Mambila, kuma wanda ya taɓa wuce Bali da Serti ya fara hawan nan daga Mayo Selbe ya san ba wurin da za a je da mota mai ƙarya ba ne. Na daɗe ina son in kwashi yara mu shiga gandun namun daji na Gashaka Gumti su ga ƙasarsu da idonsu. Abin da nake nema ke nan: motar da za ta ja kaya, ta ɗauki tsohuwa ba ta jijjiga ta ba, ta shiga laka ta fita.

Ban ɓoye wa dillalin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na zauna na zayyana masa. Ya kai ni gaban wata Toyota 4Runner ƙirar 2008, mai injin silinda shida, tana ta ƙyalli. Ya ce, "Alhaji, wallahi tallahi kamar don kai aka kawo ta. Tokumbo ce, ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba. Wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, daga gida sai kasuwa. Mai kawai za ka zuba." Ya murɗa maɓallin ogzilari, wanda ke sa tayoyi huɗu su ja, a gabana, fitila ta kawo a dashbod, ya ce, "Ka gani? Ko dutse ne za ta hau da tirelarka." Da na ce a kai ta gareji a ɗora ta kan rami, sai ya ce ai dokar filinsu ba a fita da mota sai an biya, iyaka a zagaya da ita kan kwalta a dawo. Bakaniken da ya duba ta ya leƙa, ya buɗe bonet, ya saurari injin, ya ce garau take. Daga baya na ji cewa shi ma an ware masa nasa a cikin la'ada.

Kuɗin da na ba shi kuwa ba a hanya na tsince su ba. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kowace tsohuwar mota ta bi ta sama. Motar da ta haura shekara goma sha biyar a duniya, sai da na haɗa ribar noma da kuɗin shanu kafin na iya ɗaukar ta.

Ruwan farko mai ƙarfi ya tona asiri. Tirela a baya cike da taki, na shiga wani kwari mai taɓo, na sa ogzilari, fitila ta kawo kamar yadda ya nuna mini. Tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa laka har kan rufi, na gaba ko motsi. Sai da aka sauke takin buhu-buhu a cikin ruwa, aka nemo tarakta ta ja mu.

Washegari muka ɗora ta kan rami a garejin wani dattijon bakanike da ya ƙware a irin waɗannan motoci. Ya kwance farantin ƙarfen da ke rufe cikinta, ya haska tocila, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Alhaji, sauko ka gani da idonka, kada ka ce ni na faɗa." Na sauka. Daga akwatin da ke raba ƙarfin injin tsakanin gaba da baya, ya kamata a ce firofela biyu, wato sandunan ƙarfe masu kai juyi ga tayoyi, sun fita, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. Ta baya tana nan. Wurin ta gaba babu komai sai fili. Ga bakin da ake ɗaura ta, ga ramukan noti huɗu a buɗe, tsatsa ta riga ta cika su. Ya kama tayar gaba ya juya, muka ji ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe a cikin aksil ɗin gaba. Ya ce, "Ka ji dalili. Aksil ɗin ne ya mutu. Maimakon su gyara, sai suka cire firofelar don kada ta yi ƙara, suka mayar da faranti suka rufe." Irin wannan motar tana tafiya lafiya lau da tayoyin baya kawai idan ana kan kwalta, don haka sai ranar da ka shiga laka za ka san abin da ka saya. Wannan ba mantuwa ba ce. Wani ne ya kwanta a ƙarƙashin motar nan da sifana a hannu, ya kwance noti ɗaya bayan ɗaya, ya san sarai abin da yake yi da kuma wanda zai cuta.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Dattijon ya matsa baya, inda ƙarfen jan tirela yake manne da shasi. An fesa wa wurin baƙin fenti mai kauri, sabo fil. Ya sa sukuddireba ya danna, fentin ya ɓare, ƙarfen ya fara zubowa ɓawo-ɓawo a tafin hannunsa, ja kamar garin bulo. A wani wurin sukuddireban ya huda ya shige. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada haka suke, saboda gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin shasi daga ciki. Duk mai shigo da mota ya san wannan, shi ya sa ma aka yi fentin. Kamfanin ya ƙera motar nan ta iya jan kaya sama da tan biyu, amma da shasi mai lafiya. Ni kuwa a kan wannan ruɓaɓɓen ƙarfe nake ɗaura tirela ina bin titin da 'yan acaɓa da ɗalibai suke bi. Idan ta tsinke a gangara ta yi kan mutane, wa za a kama? Dillalin yana filinsa yana shan shayi. Kuma da wannan motar na yi niyyar sauko da iyalina daga Mambila, inda direba ke dogara da ƙaramar giya da lafiyar birki tun daga sama har ƙasa, ga kwana ga rami a gefe. Idan na tuna wannan, har yau jikina rawa yake yi don fushi.

Sauran kuwa sai fitowa suka yi ta yi. An fasa salansa an kwashe indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta, an sayar, aka mayar aka yi walda. Fitilar da ya kamata ta yi gargaɗi a kan haka an liƙe ta da baƙin salatif ta bayan gilashin dashbod. Esi da ya yi sanyi ranar ciniki gas ne aka ɗura masa a kan yoyo, bai daɗe ba ya koma hura iska mai zafi. Shokozoba na baya sun mutu murus, an wanke man da ya zubo a jikinsu. Wani yaro ya shigar da lambar shasin, mai haruffa da lambobi 17, a intanet, sai ga tarihinta ya fito. Tafiyar da ta yi a ƙasar da ta fito ta ninka abin da agogonta ke nunawa, kuma ta hannun gwanjon kamfanin inshora ta fito. Babu wata tsohuwar Baturiya.

Na koma wurinsa da hotuna a waya da ɓawon tsatsar a leda. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Haba Alhaji, ai mota sa'a ce. Mu ma haka muka same ta." Na ce, firofelar fa, a teku ta faɗi? Ya ce ƙila a Kwatano aka cire, ƙila a Legas. Na ce to ka karɓi motarka ka ba ni kuɗina. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an sayar an sayar. Amma idan kana so, ka bar ta a nan mu sayar maka, sai dai za ka yi asara kaɗan." Wato in ajiye ta ya sake wanke ta, ya sake rantsuwa, ya ɗora wa wani bawan Allah abin da ya ɗora mini, ya kuma ci la'ada karo na biyu. Har da murmushi ya faɗa.

Tun daga nan duk wanda na ba labari sai ya ba ni nasa. Akwai motocin ambaliya, waɗanda ruwa ya shanye a guguwa irin ta Harvey da ta cinye Houston a 2017, inshora ta biya masu su ta yi gwanjonsu. Ana busar da su a kawo nan, bayan 'yan watanni wayoyi su fara hauka ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ka ɗaga kafet za ka tarar da busasshiyar laka da notin kujera masu tsatsa. Akwai 4Runner da yawa da tun daga kamfani tayoyin baya kawai aka yi su su ja, don a Amurka ana sayar da irinsu, sai a sayo tambari a manna mata a baya a ƙara farashi. Akwai Prado ta 2010 da ake canza wa fitilu da bamba da gaba ta koma kamar ta 2018, a kira ta da sabuwar shekara. Ga kuma takardu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a 2022 kwastan suka koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, amma har gobe ana miƙa wa mai saye takardar da ba ta motarsa ba ce, ko wadda ba a biya kuɗinta cikakke ba. Ranar da aka tare shi a hanya, shi ne a ciki, dillali ya kashe waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa, "Ai kai ma da ka duba da kyau." A duba yaya, an hana ka rami, an saye bakanike, an rufe aibin da faranti da fenti da salatif? Yaushe aka mayar da laifin mai algus kan wanda aka yi wa algus? Wasu kuma su ce ka ɗauki ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke macuci. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ya sa shi a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Malamai sun yi bayanin cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi. Dillalan nan sun san wannan, a masallaci ɗaya muke sallah da su. Ban ce duka haka suke ba. Akwai na kirki, waɗanda za su ce maka wannan ta yi hatsari, wannan ba ta jan gaba, ga farashinta. Amma shirun da suke yi wa ɓata-garin cikinsu yana shafa musu baƙin fenti su ma.

Gyaran kuma wata azaba ce. Aksil ɗin gaba ba kowanne za ka ɗauko ka ɗaura ba, dole haƙoransa su yi daidai da na baya, in ba haka ba sai ya lalata akwatin rabon. An nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, an aika kasuwar Ladipo ta Legas, kowa da farashinsa, kuma babu mai ba ka tabbacin na hannun da za a kawo yana da lafiya. Shasi kuwa dattijon ya ce zai iya sa a yi masa faci, amma shi ba zai ce mini in ja tirela da shi ba. Tankinta lita 87 yake ci, ga fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ina zuba mata man babbar mota, tana yi mini aikin da bai kai na ƙarama ba, kuma har yanzu hayar tarakta nake yi don kai taki.

Ga shugabannin ƙungiyoyin dillalan mota: dokar nan ta hana ɗora mota kan rami kafin biya, ku soke ta, domin ba ta kare kowa sai mai abin ɓoyewa. Ku sa a rubuta lambar shasi a gilashin kowace mota, mai saye ya bincika kafin ya zauna ciniki. Abin da dillali ya rantse a kai, cewa tana jan huɗu, ba ta yi hatsari ba, takardunta na gaske ne, a rubuta shi a rasit ya sa hannu. Wanda aka kama ya ɓoye aibi ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗi, ku kuma kore shi daga fili. Ni dai na kai ƙarata gaban shugaban filinsu da hotuna da shaidar bakanike, an ce in yi haƙuri za a zauna. Idan zaman bai yiwu ba, ko aka zauna aka ce mini mota sa'a ce, kotu zan tafi, kuma motar nan ba zan sayar wa kowa ita a haka ba.