Wa zai tsaya gaban alƙali ya ce shi ne?

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta Tudun Wadar Zariya aka sake tayar da maganar nan da ba ta ƙarewa. Wani dattijo ya ce in da gaske gwamnati take, ta kafa doka a riƙa kashe duk wanda aka kama da garkuwa da mutane, a ga ko ba za a daina ba. Kowa ya ce haka ne. Ni na yi shiru. Zafin da suke ji ina jin sa, amma abin da ya faru a gidanmu a 2022 ya hana bakina amsawa. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, shi ne na zauna na rubuta wannan. Da tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe.

Dokar da ake nema akwai ta, ta ma yi yawa. Tun 1959 Majalisar Jihar Arewa ta zartar da Penal Code, wato kundin dokar laifuka, ta fara aiki a 1960, kuma a nan garinmu, a Kongo, aka riƙa tara alƙalai ana koya musu ita. Dokar ta raba laifin gida biyu. Sashe na 271 ya yi magana kan wanda ya ɗauke ko ya yaudari yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 16, ko mai taɓin hankali, ya raba shi da mai riƙonsa ba da izini ba. Sashe na 272 kuma kan wanda ya tilasta wa mutum, babba ko yaro, ko ya yi masa dabara har ya bar inda yake. Hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ne da biyan tara, in kuwa don a kashe mutumin aka ɗauke shi, shekara 14. Waɗanda suka rubuta wannan, ɓarawon yaro suke hange, da mai gudu da 'yar mutane. Ba su taɓa kawo wa ransu ayarin babura da bindigogi a ƙofar makaranta ba.

Wannan tsohon ɓangaren bai mutu ba, kuma ya kamata iyaye su san shi. Yaran Kano da aka gano a Onica a 2019, bayan an sayar da su an canza musu suna, satar yara ce irin wadda dokar ta sani tun asali, kuma wanda ya amsa laifin a kotun Kano a 2021 an tara masa shekara 104. Haka saurayin da ya ɗauke yarinya 'yar shekara 15 ya ɓoye ta, ya zo yana cewa ai ita ta biyo shi: a idon wannan sashe izinin mai riƙonta ake tambaya, nata yardar ba ta wanke shi.

Da abin ya koma sana'a, aka yi ta ƙara wa doka nauyi. Jihar Kaduna ta sabunta kundinta na laifuka a 2017. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai garkuwa, da kisa in wanda aka kama ya rasa ransa. Jihohi da dama sun riga sun sa hukuncin kisa a nasu dokokin. Malamanmu kuma kullum suna tuna mana hukuncin hiraba, wato fashi da makami, a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Ta kowace fuska aka duba, tsananin hukunci ba shi muka rasa ba.

Ga abin da na gani.

A azumin 2022 aka tare motar da kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, yake ciki a ƙauyukan bayan Giwa. Sarin masara ya kai shi, sana'arsa ke nan tun ina yaro. Kwana biyu shiru, a na uku aka kira da wayarsa. Ni aka ɗora wa amsa waya don an ce na fi kowa iya danne zuciya. Wanda bai taɓa cinikin ran ɗan'uwansa ba, ina roƙon Allah kada Ya nuna masa. Ana faɗa maka kuɗi kamar ana sayar da sa, kana cewa a yi rangwame, a miƙa masa wayar ka ji ana dukansa, a kashe. Aka sayar da gonarsa, matansa suka fitar da ɗan abin da ke kunnensu, aka yi karo-karo a masallacin unguwa bayan asham. Mahaifiyarmu ba ta iya haɗiye komai in an sha ruwa sai ruwan kawai.

Muna cikin goman ƙarshe, muna ƙirga kuɗi a tsakar ɗaki, rediyo ya ce Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da zai sa a ɗaure duk wanda ya biya kuɗin fansa aƙalla shekara 15. Ba zan manta yadda ɗakin ya yi tsit ba. Babban yayanmu ya dube ni ya ce, daga yau ko da wasa kada wanda ya sake faɗa wa wani jami'i inda muka kwana a cinikin nan. Kafin ranar muna sanar da hukuma duk kiran da aka yi mana. Daga ranar muka ja bakinmu muka rufe. Na fahimci hujjar masu ƙudurin: kuɗin fansa shi ke sayen harsashi, duk wanda aka biya kuma an ɗaura wa wani tarko. Gaskiya ne. Amma hukumar da ba ta iya shiga daji ta dawo maka da naka ba, in ta ce za ta ɗaure ka don ka ceto shi, ba biyan ta hana ba. Abin da ta samu shi ne iyalai sun koma biya a ɓoye. Lambar wayar da aka kira da ita, wurin da aka ce a kai kuɗin, sunan wanda ya karɓa a bakin daji, katin waya da buhun shinkafar da suka ce a haɗo da su, duk abin da mai bincike zai kama ya bi, ya tafi a cikin cikinmu.

Kawu ya dawo bayan sallah da kwana tara, ƙafafunsa a kumbure da sawun sarƙa. Wata huɗu bayan nan aka kama wasu mutane, aka yi holensu, hotonsu ya zaga Facebook. Na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce wannan shi ke kawo musu tuwo da dare, kuma shi ne ya fasa masa baki da gindin bindiga. Na ce, "Kawu, to mu je ka faɗa." Muka je. Aka rubuta bayaninsa, aka karɓi lambarsa da sunan unguwarsa, aka ce za a neme shi. Kwana shida bayan nan wata baƙuwar lamba ta kira shi da dare. Mai kiran bai zage shi ba. Ya gaishe shi da sunansa, ya tambaye shi ya jikin, ya tambayi lafiyar 'yarsa mai zuwa islamiyya da yamma, ya ambaci layin da take bi, ya kashe waya. Har yau ban san ta inda lambar ta fita ba. Da safe Kawu ya ce mini, "Ɗana, na yafe. A bar wa Allah." Ban yi masa musu ba, kuma da ni ne ban san zan yi wani abu daban ba.

Alƙali ba ya hukunci da hoton Facebook. Tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma ina goyon bayan haka da zuciya ɗaya, don mun ga yadda ake nuna makiyayi ko ɗan acaɓa da yatsa a ce infoma ne, taro ya gama da shi kafin a tambayi sunansa. Tabbatarwa kuwa tana buƙatar mutum mai rai ya shiga akwatin shaida, ya rantse, ya dubi wanda ake tuhuma ya ce shi ne. A shari'ar garkuwa wannan mutumin kusan kullum wanda aka sace ne, ko wanda ya kai kuɗin. Na farkon tsoron daji ya rufe masa baki, na biyun tsoron doka. Sai fayil ya zauna. A kai wanda ake zargi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan babban laifi, a tura shi gidan yari jiran shawarar ma'aikatar shari'a, a yi ta ɗage zama. Shekara ta zagayo, mai binciken an canza masa wurin aiki, shaidu ba su zo ba, lauya ya tashi ya ce babu hujja. In mai laifi ne ya fita ya koma ruwa. In marar laifi ne ya ci shekaru a ɗaure a banza. Duka biyun zalunci ne.

Ku dubi shari'o'i biyu da duk muka bi a rediyo. Yarinyar nan 'yar shekara 5 ta Kano da mai makarantarsu ya sace a Disamban 2021 ya kashe: a Yulin 2022 babbar kotu ta yanke hukuncin kisa. Wata bakwai. Me ya sa? An bi waya an kama shi wurin karɓar kuɗi, an tono gawa, iyaye sun tsaya, gari ya tsaya a bayansu, ba kuma wata runduna a daji da za ta rama masa. Sai Hamisu Bala Wadume na Taraba, da aka zarga da garkuwa da mutane, wanda a Agustan 2019 aka kashe 'yan sanda 3 a hanyar Ibi zuwa Wukari bayan sun kamo shi. Shekara uku bayan nan, a 2022, aka ɗaure shi shekara 7 kan tserewa daga hannun hukuma da mu'amala da haramtattun makamai, a 2024 ya fito, jama'a suka tarbe shi. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya aka yanke hukuncin biyu. Ban ce alƙalin ya yi son rai ba. Abin da aka iya tabbatarwa a gabansa da shi ya yi aiki.

Ko inda aka yanke kisan ma, sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa gudun wannan alƙalamin suke. Rabon da a ji an zartar da hukuncin kisa a ƙasar nan tun 2016 a Edo. Yaron da ke daji da bindiga ya san wannan sarai. Abin da yake aunawa kafin ya hau babur shi ne ko za a kama shi, in an kama shi ko wani zai iya buɗe baki. Yawan shekarun da aka rubuta a takarda ba ya cikin lissafinsa.

Mu a jihar nan ba labari aka ba mu ba. Ɗaliban Afaka 39 a Maris ɗin 2021. Jami'ar Greenfield a Afrilu, inda aka kashe ɗalibai 5. Kwalejin Nuhu Bamalli a Yuni, nan bakin ƙofarmu, aka kashe ɗalibi aka tafi da malamai da ɗalibai. Bethel a Yuli, yara 121. Jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022, wanda sai Oktoba na ƙarshensu suka fito. Kuriga a Maris ɗin 2024. Duk mun ga hoton dawowarsu, an sa musu sabbin kaya ana hawaye ana godiya ga Allah. A cikinku wa zai iya kawo mini sunan alƙalin da ya yanke wa waɗanda suka shiga makarantun nan hukunci, da ranar da aka yanke? Da zarar an sako mutane sai mu ɗauka magana ta ƙare, alhali a wurin doka ranar ce ya kamata ta fara.

Kan sulhun Birnin Gwari na ƙarshen 2024, zuciyata biyu ce kuma ba zan ɓoye ba. Manomin da ya koma gonarsa, da direban da ya bi hanyar ya dawo lafiya, ba ni da bakin ce musu kuskure aka yi. Amma wanda ya tuba ya ajiye bindiga, haƙƙin gonar Kawu da aka sayar yana kan wa? A addini ma tuba ba ta share haƙƙin bawa sai an mayar ko ya yafe da son ransa. Yafewar da aka yi bayan kiran waya na tsakar dare ban san sunan da zan ba ta ba.

Abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na Zariya, Sabon Gari da Giwa, da lauyoyinmu na Kongo, ba sabon hukunci ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta riga ta yarda a shari'ar ta'addanci a ɓoye sunan shaida, a sa masa labule ko abin rufe fuska, ko ya yi magana ta bidiyo daga wani wuri. A mayar da wannan abin yau da kullum a duk shari'ar garkuwa a jihar nan. Lamba da adireshin wanda aka sace su tsaya a hannun mutum ɗaya da za a iya tuhuma in sun fita. A ware alƙalai na wannan laifi kaɗai masu zama a jere ba ɗagewa, don talaka ba zai iya barin kasuwa sau goma yana biyan kuɗin mota a ce masa a dawo wata mai zuwa ba. A fito fili a ce iyalin da suka biya fansa suka kawo bayani shaidu ne, ba za a taɓa su ba. A kuma bi kuɗin: mai sayar musu da mai a jarka, mai kai babura sabbi, mai karɓar kuɗin a asusunsa. Waɗannan a cikin gari suke, tare muke sallah da wasunsu, kuma takardar banki da rajistar layin waya ba sa jin tsoron kiran dare.

Kawu ya bar sarin masara. Yanzu ɗan tebur gare shi a ƙofar gida, yana sayar da sikari da ganyen shayi, in babur ya tsaya da ƙarfi a kusa sai ka ga kafaɗarsa ta motsa. Da safen nan kafin in ɗora rubutun na biya na gaishe shi, na karanta masa inda ya shafe shi, na nemi izininsa. Ya ce in sa, amma kada in ambaci unguwa. Na tambaye shi in da za a rufe fuskarsa, a canza masa suna, ba wanda zai san shi ne, zai je ya faɗa? Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "In har yarinyar nan za ta je islamiyya ta dawo, zan je. Fuskarsa na nan a idona, ban manta ko tabon goshinsa ba."