Dalilin da ya sa nake biyan kuɗin zangon kiɗa gaba ɗaya tun ban ga makaɗan ba

Da zarar sanyi ya fara kankama a nan arewacin Ingila, wajajen watan Oktoba, ƙungiyar masu sha'awar kiɗa ta garin da nake zaune takan buɗe zangonta na shekara, kuma bana ma na biya kuɗin dare shidan nan gaba ɗaya tun ban ga fuskar makaɗi ko ɗaya ba. Wani abokin aikina ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce. A ganinsa kamata ya yi mutum ya jira ranar da shahararru za su zo, ya sayi tikitin wannan dare, ya bar sauran. Na daɗe ina juya maganarsa a raina, kuma har yanzu ina ganin bai fahimci yadda abin yake tafiya ba.

Irin kiɗan da nake magana a kai shi ne wanda Turawa suke kira kiɗan ɗaki, domin asalinsa a ɗakunan fada da gidajen attajirai ake yin sa. Rubutaccen kiɗa ne na mutane ƙalilan, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da nasa layin da babu mai taya shi, kuma babu madugu mai sanda da yake tsayawa a gabansu kamar yadda ake gani a babbar okestira. Wanda ya fi yawa shi ne kwatet, wato mutum huɗu: fayolin biyu, fiyola ɗaya wadda ta ɗan fi fayolin girma da kaurin murya, sai celo da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Duk wanda ya san goge zai gane tsarin nan take, domin su ma da izgar doki ake goga su, sai dai kowannensu tsirkiya huɗu gare shi. Haydn, mai rubuta kiɗa ɗan Ostiriya, shi ne ya daidaita wannan tsari, ya rubuta kwatet 68, sannan Beethoven ya rubuta 16, na ƙarshensu a shekarun 1825 da 1826 lokacin da kunnensa ya riga ya toshe.

Ƙungiyar garinmu ba ta da makaɗi ko ɗaya nata, ba ta kuma da zaure. Wata tsohuwar majami'a take haya, kuma waɗanda suka yi ritaya ne suke jera kujeru, su karɓi tikiti a bakin ƙofa, su dafa shayi lokacin hutun tsakiya, wani lokaci ma su sauki makaɗan a gidajensu. Makaɗan baƙi ne, sukan iso da jirgin ƙasa da rana, mai celo ya goyo abinsa a baya kamar mai goyon yaro, su gwada zauren na awa guda, su yi kiɗansu da dare, gari na wayewa su kama hanyar wani gari.

A layi na uku nake zama, kuma daga nan abin da ake gani ya fi abin da kowace na'ura za ta iya ɗauka. Babu lasifika ko ɗaya. Kafin a fara sai ka ji mai fayolin na farko ya ja numfashi ta hanci, wannan numfashin shi ne alamar farawa, sai huɗun su sauke izga a tare kamar hannu ɗaya. Bara na ga wata mai fiyola da silin izga ɗaya ya tsinke mata ana tsakiyar gudu, yana ta lilo a iska, ba ta ko kalle shi ba sai da ta samu ɗan shiru na ƙiftawar ido ta fizge shi ta yar, idonta yana kan mai celo, tana jiran ya miƙo mata waƙar da ya ɗauko. Hira ce tsakanin mutum huɗu da suka san halin juna, wani ya kawo magana, wani ya musa, na uku ya sasanta su. Daren farko da na je, da aka kai ƙarshen kashi na farko na yi ta tafi ni kaɗai a cikin zaure, sai wata tsohuwa da ke gefena ta dafa hannuna ta raɗa mini cewa saura kashi uku. Na ji kunya ƙwarai, ko da yake daga baya na gano cewa a zamanin Mozart mutane suna tafi a tsakani, wannan shirun al'ada ce da ta zo daga baya.

To, ga inda muka rabu da abokina. Takardar kiɗan ɗaya ce ga kowa, amma yadda ake fitar da ita ya bambanta, kuma wanda yake zuwa dare ɗaya a shekara ba shi da hanyar gane wannan. Na ji kwatet ɗaya na Haydn sau biyu cikin shekara biyu a zaure ɗaya, a kan kujera ɗaya. Waɗanda suka fara kawo shi dattawa ne, suka tafi da shi a hankali, suna ba kowane sauti haƙƙinsa. Na biyun samari ne da ba su daɗe da gama makarantar kiɗa ba, suka ɗauke shi da sauri da zolaya, har wani wuri da na ɗauka na baƙin ciki ne ya fito a matsayin barkwanci, mutane suka yi ta murmushi. A ranar na fara jin cewa kunnena ya koyi wani abu. Da ƙungiya ɗaya ce take zaune a garin tana yi mana kiɗa kullum, da hannunta kawai za mu sani, mu ɗauka haka kiɗan yake.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da yake riƙe da zangon. Ana ɗaukar makaɗa ne shekara guda ko fiye kafin ranar, kuma kwamitin ba zai iya yin alkawari da kowa ba sai ya san abin da ke cikin asusunsa. Kuɗin waɗanda suka biya gaba ɗaya shi ne yake ba kwamitin ƙarfin halin gayyato matasan da babu wanda ya san sunansu. Idan kowa ya bi shawarar abokina, dare ɗaya zai cika maƙil, biyar su zama kango, kuma shekara mai zuwa ko shahararrun ba za a iya biya ba. Tsarin ma ba sabo ba ne. A Biyana, babban birnin Ostiriya, tun wajajen 1804 mai fayolin Ignaz Schuppanzigh ya fara yi wa jama'a kiɗan kwatet ta hanyar biyan kuɗi tun gaba, kuma ƙungiyarsa ce ta fara fitar da yawancin kwatet ɗin Beethoven na ƙarshe. A Landan kuwa akwai kiɗan ranar Lahadi na South Place da aka fara a 1887, wanda ya koma Conway Hall a 1929 kuma ana yin sa har yau.

Shahararrun da abokina yake jira su ma sun taɓa zama baƙin da ba a sani ba. Ƙungiyar kwatet mai suna Amadeus ta fara fitowa a zauren kiɗa na Wigmore Hall da ke Landan a watan Janairun 1948, uku daga cikinsu Yahudawa ne 'yan gudun hijira daga Biyana waɗanda hukumar Birtaniya ta tsare a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutum huɗun nan suka shekara 40 tare ba tare da an sauya ko ɗaya ba, kuma da mai fiyolarsu Peter Schidlof ya rasu a 1987, sauran ukun suka rufe ƙungiyar maimakon su nemo wani. Waɗanda suka zauna a zauren a 1948 ba suna suka bi ba, domin babu sunan tukuna.

Ban ce abokina bai da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai daren da na zauna ina duban agogo, domin wata ƙungiyar ta zo a gajiye, ta yi kiɗan kamar mai biyan bashi. Haka nan jerin abin da ake kaɗawa yana yawan maimaita sunaye kaɗan, kuma hakan yana damuna. Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya rubuta kiɗan mutum biyar mai kilarinet, wani abin busa, a 1895, amma sau ɗaya tak na ji shi a zaurenmu, shi ma matasa ne suka kawo shi. Idan ka waiga baya kuma furfura ce ta cika kujeru. Wigmore Hall, wanda kamfanin piyano na Bechstein ya buɗe a 1901 kuma yake ɗaukar mutum ɗari biyar da 'yan kai, yana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 35 tikiti mai rahusa a wasu darare, kuma na faɗa wa kwamitinmu a taron shekara cewa ya kamata mu yi koyi da hakan ko da kujeru goma ne. Sun ce za su duba, sannan suka tambaye ni ko zan riƙa zuwa da wuri ina taya su jera kujeru, na amsa.

Dare na gaba a watan Janairu ne, mutum uku za su zo, piyano da fayolin da celo, kuma ban taɓa jin sunan ko ɗayansu ba. Na saya wa abokin nawa tikiti kusa da ni a layi na uku, na kuma gaya masa kada ya yi tafi sai ya ga sun sauke izga sun miƙe tsaye.