Ga masu saka maita da sihiri a cikin labaransu

'Yan'uwana marubuta, musamman ku matasa da alƙalami bai daɗe a hannunku ba, akwai maganar da ta jima tana ci min rai.

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo min babi uku na littafinta in duba mata. Tana da hannu, wannan babu ja. Amma a babi na biyu sai ga wata tsohuwa, ba ɗa ba jika, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa, idanu jajur, kullum tana surutai ita da kanta. Tun kafin in juya shafi na san inda aka dosa. Yaron maƙwabta ya kwanta ciwo, ya ambaci sunanta cikin magagi, aka ce ta kama masa kurwa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne marubuciyar ta gaskata zargin da alƙalaminta. Aka jefi tsohuwar, yaro ya miƙe garau, kowa ya yi hamdala.

Ku tsaya ku dubi alamomin da aka jera mata. Matar da ta shekara hamsin tana hura wutar icce, yaya idonta ba zai yi ja ba? Surutai kuwa, tsufa yana zuwa da ruɗewa da mantuwa. Yaro kuma idan zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, babu sunan da ba zai kira ba. Wato mai karatu ya rufe littafin nan ɗauke da hoton mayya a kansa, kuma hoton ya yi daidai da wata baiwar Allah da yake wucewa ta ƙofarta kullum.

Kada wani ya ce min ai ƙagaggen labari ne kawai. Wajen shekarar 1487 wani malamin coci a Jamus, Heinrich Kramer, ya fitar da littafin Malleus Maleficarum, yana bayanin yadda ake gane mayu da yadda ake matsa musu su amsa laifi. Na'urar ɗab'i ta yaɗa shi ko'ina. A ƙarnonin farautar mayu a Turai, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60, mafi yawansu mata. A garin Salem na Amurka a 1692 an rataye mutum 19, an danne wani dattijo da duwatsu har ya cika, kuma tushen shari'ar maganar wasu 'yan mata ce da suka ce ana zuwar musu a ɓoye ana azabtar da su. Abin bai zama tarihi ba tukuna. A 2015 sai da gwamnatin Tanzaniya ta haramta aikin bokaye saboda yadda ake kashe zabiya ana yanke gaɓoɓinsu, a 2021 kuma Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane da sunan zargin maita. Kowane dutse da aka jefa, labari ne ya riga shi isa.

Ban ce ku daina rubutu a kan sihiri ba. Mugun abu yana cikin rayuwar mutane, kuma labarin da ya kau da kai daga mugunta ba ya da gishiri. Magana ita ce ina za ku ɗora nauyin. Maita, yadda ake faɗarta, aba ce da ake cewa an haifi mutum da ita, bai zaɓa ba, ba zai iya tuba ba, har 'ya'yansa sun gada. Babu labari a nan, sai nuni da yatsa. Sihiri kuwa akwai niyya a cikinsa. Wani ne ya kwana yana tafasa da hassada, ya wayi gari ya ɗauki ƙafa ya tafi wurin boka. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 102, ya ambaci masu koyon abin da suke raba miji da mata da shi, ya kuma ce suna koyon abin da yake cutar da su, ba ya amfanarsu. To ku bi wannan tafiyar taki bayan taki. Ku nuna min matar da ta fito da asuba tana waige-waige, ƙaryar da ta shirga kafin a bar ta ta fita, yadda boka ya fara da ƙaramar buƙata ya ƙare da abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba, da yadda daga ranar ba ta sake yarda da abincin kowa ba, don ta san abin da ita ta zuba. Sihirin da ba ya cin mai shi a cikin labari talla ce kuka yi wa boka kyauta.

Haka nan kada ku jera kayan haɗi dalla-dalla kamar masu koyar da girki, ballantana ku ce gaɓar wani irin mutum tana kawo arziki. Cikin masu karatunku akwai wanda duniya ta yi wa zafi, yana neman ko da zare ya kama. Tsoro ma ya fi shiga idan ƙofar ɗakin boka ta rufe, aka bar mu a waje muna jiran fitowarta.

Wani mai binciken al'adu ɗan Ingila, Evans-Pritchard, ya rubuta a 1937 game da mutanen Azande, wata ƙabila a tsakiyar Afirka, cewa idan rumbu ya rufta kan mutum, sun sani sarai gara ce ta cinye ginshiƙan. Tambayarsu ita ce, me ya sa sai lokacin da wane yake zaune a ƙarƙashi? Wannan tambayar ta zuciyar da aka yi wa rashi ita ce abin rubutawa. Amma ku bar garar a cikin labarin, mai karatu ya gan ta da idonsa. Miji ya wulaƙanta matarsa shekara goma, sai a babin ƙarshe a tono laya a bakin ƙofa a ce ba yin kansa ba ne, an wanke shi tas. Wannan ragwanci ne, kuma yana koya wa azzalumi inda zai ɓuya.

Na mayar wa ƙanwar tawa babin da tambaya ɗaya a gefen takarda: wa ya fara ambaton sunan tsohuwar nan a kunnen yaron, kuma me yake nema a filin gidanta? Ta kira ni da daddare, muryarta a sanyaye, ta ce tun jiya take ƙoƙarin tuna sunan da ta ba tsohuwar, sai ta tarar ba ta sa mata suna ba ko sau ɗaya.