Tseren kwale-kwale da watannin da babu mai tafa maka

Jama'ar Damagaram, yau maganar tseren kwale-kwale nake so mu yi. Na san wani zai ce ina ruwanmu da shi, mu da ko ruwan sha sai an bi layi da jarka. Ku yi haƙuri ku karanta, don abin da ke raina ya shafi duk wani yaro da muke tura wa gasa da sunan Nijar.

Yadda muke shirya ƴan wasanmu yana damuna ƙwarai. Sai gasa ta rage mako uku a tara samari wuri guda, a yanka musu rago, a ce sun shiga horo. In sun faɗi a ce ba su da zuciya. Tun da can magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wasan da ke tona wannan sakaci kamar tseren kwale-kwale, saboda agogo ne alƙalinsa.

Ku tuna Hamadou Djibo Issaka. A wasannin Olamfik na Landan a 2012 shi ya wakilci Nijar a tseren mutum ɗaya, mai nisan mita 2,000. Shekarunsa 35, mai aikin lambu ne a Yamai, kuma wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙin irin wannan jirgi. A ɗaya daga cikin zagayen ya kammala cikin minti 8 da daƙiƙa 39. Mahé Drysdale na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya ɗauki zinariya, ya yi nasa cikin minti 6 da daƙiƙa 57. Ƴan kallo sun miƙe tsaye suna tafa wa Issaka har ya ƙetare layi, kuma ya cancanta, wallahi namiji ne. Amma ni duk lokacin da na tuna, zuciyata sosuwa take. A wannan tafki ɗaya, a wannan mako ɗaya, wata baturiyar Ingila mai suna Helen Glover ta ci zinariya tare da abokiyar tuƙinta. Ita ma ba ta taɓa tuƙi ba sai a 2008, lokacin da wani shiri na neman dogayen matasa ya zaɓo ta. Ita an ba ta shekara huɗu, shi an ba shi wata uku.

To, me ake yi a cikin waɗannan shekarun? A ƙasashen Turai manyan gasanni daga Yuni zuwa Agusta ake yin su, amma ƙungiyar da ta san abin da take yi tun Satumba ko Oktoba take komawa ruwa. Kuma in ka je kallo a lokacin za ka yi mamaki, don a hankali suke tafiya. Filafili yana shiga ruwa sau 18 zuwa 20 a minti ɗaya, alhali ranar tsere yakan haura sau 35. Su yi kilomita 16, wani lokaci 20, da sassafe cikin sanyi, gobe ma haka, jibi ma haka. Mafi yawan horon shekara a wannan tafiyar ta sannu yake ƙarewa, saboda ita ke gina zuciya da huhu. Mutane suna zaton aikin hannu ne. Ba haka ba ne. Mazaunin matuƙin yana zamewa gaba da baya a kan ƴan tayoyi, ƙafafu ke tura mafi yawan ƙarfin, baya ya karɓa, hannu ya ƙarasa. Kafin jiki ya haddace wannan jeri har ya daina ɓata shi lokacin da numfashi ya ƙare, sai an maimaita shi sau dubbai.

A jirgin mutum takwas abin ya fi wuya. Kamar luguden mata ne a turmi ɗaya: in tabarya guda ta yi jinkiri kaɗan, duk dakan ya rikice. Shi ya sa a farkon shekarar horo, wato wajen Satumba da Oktoba, mai horarwa yake ta sauya wa samari mazauni, ya cire wannan ya sa wancan, ya sake auna lokaci, har ya gano waɗanda jirgin ya fi gudu da su. Sau da yawa wanda ya fi kowa ƙarfi a tudu ba shi ne ke sa jirgi tafiya ba.

Tseren farkon shekara ma daban yake. Ba a jera jirage a layi ɗaya. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi a tsakani, a kan nisa mai tsawo, kowa yana fafatawa da agogo. Wanda ake yi a Boston ta Amurka kowane Oktoba ya kusa kilomita 5. Ƙungiyar da ta zo ta goma sha biyu amma ta rage daƙiƙa goma a kan na bara, a ganina ta ci riba, kuma mai horarwa nagari ya san haka. Komai a rubuce yake: nisan da aka yi, bugun zuciya, lokacin gwajin mita 2,000 da na 5,000. Wannan littafin rubutun shi ne abin da muka rasa. Wane ne a cikinmu zai iya faɗa maka abin da ɗan kokawarmu ko ɗan gudunmu yake iya yi a watan Nuwamba, da abin da ya ƙaru a Fabrairu?

Yanzu mu dawo gida. Gaskiya ne ba mu da kogi, kogin Kwara yana can Yamai, kilomita kusan 900 daga nan. Sai dai babban kaso na horon farkon shekara a tudu ake yin sa, a kan na'urar motsa jiki mai kwaikwayon tuƙin jirgi, irin ta kamfanin Concept2. Ba ta buƙatar ruwa, ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma lokacin da yaro ya yi a kanta a Birni ko Zango daidai yake da na yaron Faransa a wurin auno. Har gasar duniya ake yi a kanta. Samari dogaye masu ƙarfin cinya kuwa, duk wanda ya taɓa shiga filin kokawa na Langa-Langa ya san ba mu rasa su ba. Muna da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da jiki ke ɗaukar dogon aiki, kafin zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40.

Ruwa ma akwai. Tafkin Gidimuni yana kan hanyar Gure, kilomita kusan 70 gabas da mu, kuma masunta suna shiga cikinsa da kwale-kwale. Amma ina da sharaɗi, kuma a kansa ba na sassautawa: kada a sa yaro a jirgi sai ya iya iyo. Kowace damina muna jin labarin yaran da kududdufai suka ci a cikin garin nan. Ko da ba mu taɓa fitar da zakara ba, koya wa yara iyo kaɗai ya isa dalili. A kuma nemi shawarar likitoci kan tsargiya, a zauna da masunta da masu lambu kafin a taɓa ruwansu.

Lambobin Olamfik biyu Nijar take da su: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a tekwando a 2016. Shekara 44 a tsakani. Alfaga ma shekaru ya kwashe yana horo kafin mu san sunansa.

Don haka roƙona ga masu kula da wasanni a jihar nan, da alhazanmu masu ba da kyautar mota da babur ranar da aka ci takobin kokawa: ku kawo wani abu daga cikin wannan alheri tun farkon shekarar horo. Na'ura biyu, ɗaki ɗaya a wata makaranta, malamin motsa jiki guda da za a biya haƙƙinsa kowane wata, da littafin da za a rubuta lokacin kowane yaro. A fara da ƴan shekara 14 zuwa 16, maza da mata, a gwada su a Nuwamba, a sake gwadawa a Fabrairu, a aika sakamakon Yamai.