Likita, wa ya ba ka ikon ɓoye mata abin da ke cikinta?

Akwai wata ɗabi'a da wasu likitoci suka ɗauka tamkar aikin lada, ni kuwa ban ga komai a cikinta ba sai cin amana. Mace mai juna biyu ta je awo, a shafa mata man nan mai sanyi a ciki, a ɗora na'urar hoto, likita ya ga tawaya a jikin ɗan tayi ƙiri-ƙiri, sannan ya yanke hukunci shi kaɗai cewa ba zai faɗa mata ba. Dalilinsa? Wai kada ta ji ta je ta zubar da cikin. Ita ta biya kuɗin hoton, ita ke ɗauke da cikin, ita za ta yi naƙudar, amma ita ce ta ƙarshe da za ta sani.

Kada wani ya ce ƙage nake yi wa masu farar riga. Maganar nan har kotu ta je. A watan Fabrairun 2002, a ƙasar Poland, wata mata da takardun shari'a suka sakaya sunanta da R.R. ta je hoto tana da ciki na mako 18, cikinta na uku. Likita ya ga alamar da ba ta kwanta masa ba, aka ce sai an ɗebi ruwan mahaifa an gwada kafin a tabbatar. Gwaji ne da dokar ƙasar ta ba ta haƙƙin yi. Daga nan aka shiga yi mata wasa da hankali. Likitanta ya ƙi ba ta takardar turawa. Wannan asibiti ya kwantar da ita ya sallame ta ba a yi gwajin ba, wancan ya tura ta gaba, a Krakow har faɗa aka yi mata don an ji tana tunanin zubarwa. Sai a ƙarshen Maris, ciki ya kai mako 23, ta samu aka yi mata gwajin a Lodz, shi ma sai da ta shiga ta ƙofar masu neman taimakon gaggawa. Sakamako ya fito a Afrilu, aka ce mata ai lokacin da doka ta yarda a zubar ya ƙure. A watan Yuli ta haifi 'ya mace mai larurar Turner, wadda ke samun 'ya'ya mata idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar X ya ɓace ko ya tauye.

Makonni matar nan ta yi tana kwana tana tashi da fargaba, ba ta san me ke cikinta ba, alhali allura ɗaya da ɗakin gwaji sun isa su ba ta amsa. Shekara tara bayan haka, ranar 26 ga Mayun 2011, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta ce abin da aka yi mata wulaƙanci ne da tozartawa, ta umarci gwamnatin Poland ta biya ta Yuro 45,000. To, kuɗin ya maido mata da me?

A Amurka ma abin har majalisa ta yi masa rumfa. A 2010 'yan majalisar jihar Oklahoma suka zartar da dokar da ta hana iyaye neman diyya daga likita bisa hujjar cewa da ya faɗa musu tawayar da ke jikin ɗan, da sun zubar. Gwamna Brad Henry ya hau kujerar na-ƙi, yana mai cewa bai dace doka ta kare likitan da ya yaudari mai ciki ba. Majalisa ta tattara ƙuri'u ta ture shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a daidai lokacin suka ture shi a kan wata dokar, wadda ta tilasta a nuna wa duk mai neman zubar da ciki hoton ɗan tayin a kuma siffanta mata shi. Wato idan gani zai sa ta fasa, dole ta gani. Idan gani zai sa ta yi wani tunani, a rufe mata ido. Wanda ya tsara haka ba gaskiya ce ta dame shi ba, akalar matar yake so a hannunsa. Arizona ta yi tata dokar a 2012, ko da yake ita ta cire kariya ga wanda ya ɓoye da gangan, Kansas kuma ta biyo baya a 2013.

Can ke nan. A nan gida babu wata doka da ta ce a ɓoye, amma ana ɓoyewa, cikin murmushi da "sai addu'a".

'Yar yayata ce. Cikin fari. Ta je wani wurin ɗaukar hoton ciki, mai hoton ya yi ta zagaya na'urar a wuri ɗaya, ya yi shiru, ya fita ya kira wani suka dawo tare suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ta ce, "Likita, lafiya dai ko?" Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya, a dai ci gaba da addu'a." Aka ninke takarda aka liƙe ta a ambulan. Mijin aka ja gefe, aka ce masa ƙoƙon kan yaron bai haɗu ba, ƙwaƙwalwar ba ta ginu ba, ba zai rayu ba. Sannan aka ja masa kunne: kada ka faɗa mata, mata ba su da juriya, kada ta je ta sha wani abu. Shi kuma yaro ne, likita ya yi magana, sai ya haɗiye.

Na ga yarinyar nan da idona tana ninke 'yan riguna da huluna tana jerawa a akwati. Uwarta ta tara itacen wankan jego, an sayi kanwa da gero, an fara cinikin ragon suna. Ciki ya yi girman da ya wuce misali saboda ruwa ya yi yawa, ko numfashi da ƙyar take yi, kowa na tsokanarta da cewa tagwaye ne. Ranar haihuwa ungozoma ta yi saurin lulluɓe jaririn da zane, amma ta riga ta gani. Bai kai yamma ba. Da mijin ya faɗa mata gaskiya daga baya ba ta yi ihu ba, cewa kawai ta yi, "Ashe kowa ya sani ban da ni." Har yau idan zai fita ya ce mata ga inda za shi, kallonsa kawai take yi.

Ku gaya min, ran wa aka ceta da wannan ƙaryar? Yaron dai ya tafi, kamar yadda likitan ya san zai tafi. Kuma da an zaunar da ita an yi mata bayani, da ta ji abin da ya fi kome amfani gare ta: irin wannan tawayar tana aukuwa ne a cikin kwana 28 na farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta ma san tana da ciki, kuma wadda ta taɓa haifar irinsa ana ba ta folik asid mai ƙarfi, miligiram 4 ko 5 wato ninki goma ko fiye na maikrogiram 400 da aka saba, tun kafin ta sake ɗaukar wani cikin. Wadda aka ce wa "lafiya lau" ta yaya za ta san ta nemi wannan?

Nan ne masu ɓoyewa suka fi ba ni haushi. A kansu babu abin da mace za ta yi da labari sai ta ruga ta zubar. Alhali yawancin abin da ake yi da shi shiri ne. Jaririn da ƙashin bayansa yake buɗe yana bukatar a rufe masa shi da tiyata cikin kwana biyu ko uku na farko, don haka dole uwar ta haihu a inda akwai likitan ƙwaƙwalwa da laka, ba a ɗakin kakarta ba. Wanda ruwa ya taru a kansa har kan ya kumbura, idan aka bar uwar ta yi ta nishi a gida, doguwar naƙuda ce, ƙarshenta ko yoyon fitsari ko fashewar mahaifa. Wanda ke da matsalar jijiyoyin zuciya, awannin farko su ne rayuwarsa. Ana bukatar a tara kuɗi, a nemi mai ba da jini, a san motar da za a hau da tsakar dare. Duk wannan likita yake ƙwacewa idan ya yi gum.

Ni ba mai kiran a zubar da ciki ba ce, kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa. Amma wanda zai fake da addini ya yi ƙarya, ya fara sanin addinin. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, da ta zauna a Makka a 1990 ta yi fatawar cewa idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar tawaya marar magani kafin ciki ya cika kwana 120, ya halatta a cire bisa buƙatar iyaye. Malamanmu na Malikiyya sun fi tsanantawa, na sani. Saɓani ne na malamai, kuma ma'aurata ne za su je su zauna gaban malaminsu su tambaya. Likitan da ya ɓoye har kwanakin suka wuce ya mayar da kansa mufti, ya mayar da kansa alƙali, ba wanda ya naɗa shi.

Wasu za su kawo misalin Indiya, inda dokar 1994 ta hana a faɗa wa iyaye namiji ne ko mace, saboda yadda ake zubar da cikin 'ya'ya mata. Wannan daban. A bango ake liƙa sanarwar, kowa ya san ba za a faɗa masa ba, kuma zama mace ba cuta ba ce da ake shirya wa tiyata. Ba wanda ake ce wa lafiya lau alhali ba lafiya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da marar lafiya halin da yake ciki. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya, kuma samun bayani cikin harshen da mutum yake ji yana ciki. Marar lafiyar a ɗakin awo ita ce matar da ke kwance. Ba mijinta ba, ba surukarta ba.

Idan labarin mai nauyi ne, likita, nemo kujera ka zauna. Tambaye ta ko tana so a kira mijinta ko mahaifiyarta. Faɗa mata da Hausa, a hankali, abin da ka gani da abin da ba ka tabbatar ba, da asibitin da za a sake dubawa. Idan zuciyarka ba ta yarda da abin da kake tsoron za ta zaɓa ba, faɗa mata haka a fili ka tura ta wurin wani likitan a ranar, ba bayan wata biyu ba. Ke kuma 'yar'uwa, in an gama hoto kada ki tashi daga gadon nan sai kin ce a juyo miki da allon, a nuna miki kai da baya da zuciya, a karanta miki abin da aka rubuta kafin a liƙe ambulan.